Jirgi Mai Ƙirjin Dinya

Har yau ban manta ranar da muka saka jirgin Baba Sani a ruwa ba. Lokacin an tare gulbi a Bakolori, ruwa ya cinye gonakin Maradun ya zama tabki. Ni kuwa na gudo daga makaranta, na taɓa aikin lebura na bari, na faɗa wurin Malam Ummaru kafinta a Mafara.

Baba Sani masunci ne. Kwalekwalensa siriri ne irin na gulbi, shi kuwa tabki in iska ta taso igiyar ruwa gare shi. Ya sha kifewa. Ya ce wa maigidana in bai samu jirgin da zai iya da ruwan nan ba, ci-rani zai tafi, ya bar iyali a sabon garin da aka mayar da su ba gona.

Maimakon mu kama katako, kullum sai maigida ya ja ni bakin tabki kallon dinya, babbar agwagwar dajin nan. Ni da zama ke yi wa wuya na ce, "Malam, kafinta na zo koyo ko kiwon tsuntsaye?" Ya ce in dubi ƙirjinta, ga faɗi ga ɗagowa, igiya na zuwa sai ta bi ta ƙarƙashinta. Haka muka ƙera jirgin. Masunta suka sa masa suna Mai Ciki.

Ranar gwaji da iska sosai. Bai kife ba, amma ya ƙi tafiya miƙe. Baba Sani na tuƙi, jirgi na juyi kamar ƙwarya, mutane na dariya a gaɓa. Ya fito yana haki ya ce, "Ummaru, wanga ba shi kashe ni, amma ba shi kai ni inda kihi yake."

Washegari muka iske wani maharbi na gyaran dinyar da ya harbo. Maigida ya karɓa ya juya ta, yana shafa ƙashin nan mai kaifi da ya bi tsawon ƙirjin. Ya ce, "Abin da ke bisa ruwa kaɗai muka kwaikwaya." Muka kafa dogon katako a ƙasan jirgin, tun daga gaba har baya.

Baba Sani bai tafi ci-rani ba.

Kafintar ma daga baya na bar ta, kamar yadda nake barin komai. Amma nan na gane kafinta nagari ba ya tsayawa ga abin da ido ya fara gani a halittar Allah, sai ya juya ta ya dubi ƙasanta.