Layin da Ya Ƙi Miƙewa a Ɗakin Duje

Barba Vicko bai taɓa shafa wa bango fenti ba sai da ya cika shekara saba'in da ɗaya. Jirage ya sani. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake kwanciya rigingine a ƙarƙashin jiragen masunta, can bakin gaɓa inda ake jawo su tudu, yana kankare tsohon fenti yana zubo masa a ido. Babu jirgin da ke tsibirin nan da bai bi ta hannunsa ba. Ja a ƙasa, fari a sama, sai siririn layi daga bayan jirgi zuwa goshinsa, wanda yake ja ba igiya ba alli, cikin numfashi ɗaya. Ba shi da yawan magana, amma ka kuskura ka kushe masa layi, sai ka ji tarihin kakanka.

Ɗansa ɗaya ne, Lovre. Shekara biyu ke nan ya fita kamun kifi da safe, iska ta juya, bayan kwana uku aka tsinci jirgin, shi ba a gan shi ba har yau. Ya bar matarsa Nevenka, 'yar can bayan duwatsu inda ake kiwon tumaki, da ɗansu Duje mai shekara shida. Duk Lahadi yayanta sai ya bugo waya ta dawo gida. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tsohon kuwa ya san in ta tafi da yaron, shi da kujeru za su rage a gidan, kuma tsoron wannan ranar ba ya barinsa.

Wata safiya a watan Agusta, tana yanka burodi, ta ce ba tare da ta dube shi ba, “Baba, Duje zai shiga makaranta, ya kamata ya samu ɗakinsa. Ka gyara masa wancan na sama da ake ajiye komar kamun kifi. Amma ka ji ni da kyau: ba kifi, ba jirgi, ba ruwa, ko shuɗi ban yarda ba. Ranar da na ga teku a ɗakin nan, ranar zan haɗa kayanmu.”

“Na ji, 'yata.”

“Ba ji kawai ba.”

“To, na ce na ji!”

Farin ciki ya kusa kashe shi. Macen da ke neman a gyara ɗaki ai ba ta riga ta tafi ba. A ranar ya kwashe tsofaffin komaye, ya kai gwangwanin shuɗi gidan maƙwabci don kada hannu ya yi kuskure, ya sayo kore da ruwan ƙwai.

Ɗakin dogo ne siriri, tagarsa ɗaya tana kallon teku. Ya tura ƙyauren tagar ya bar 'yar kafa. Bayan abincin rana, sa'ad da gari ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, shi yake hawa ya ɗauki burushi. Ƙamshin ɓaure na shigowa daga tsakar gida, hasken da ke tasowa daga ruwa yana rawa a rufi, shi kuwa hankalinsa ya tafi garin su Nevenka, wanda sau ɗaya ya taɓa zuwa, ranar biki. Sai ya ga tuddai suna hawa suna sauka, ciyawa na kwanciya in iska ta bi ta kanta, ƙararrawar tumaki na kaɗawa daga nesa. Wani lokaci ya ga Lovre yana ƙarami yana gudu a cikin ciyawar nan, wurin da ba abin da zai haɗiye shi. Yakan farga ya tarar fenti ya bushe a burushi.

Ƙasan bangon ya yi kore, sama ruwan ƙwai. Sannan tumaki. Nan fa aka yi ta. Duje ya leƙo ya ce, “Kaka, wannan tunkiya ce ko buhun dankali?”

“Kai, tafi can, ɗan nema! Ka taɓa ganin buhu da kunne?”

“Kunnen ma na jaki ne.”

“Jakin ma ya fi ka kunya. Fita!”

Abu na ƙarshe shi ne layin da zai raba ciyawa da sama. Ya tsoma siririn burushi a farin fenti, ya ja numfashi, ya fara daga gefen taga. Layin ya tafi sumul, ya ɗan sauka a tsakiyar bango, sannan ya riƙa hawa a hankali har ƙuryar ɗaki. Ya koma ɗaya bangon ya ja ɗan'uwansa, suka haɗu can sama a tsakiyar bangon ƙurya. Ya ja da baya ya duba, ya ga kyakkyawan tudu. Shekara hamsin da tara hannun nan bai taɓa jan miƙaƙƙen layi ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Ranar Lahadi da suka dawo daga coci aka hau ganin ɗaki. Duje ya yi tsalle ya faɗa gado, ya kwanta rigingine, ya bi bango da ido. Can ya ƙyalƙyale da dariya.

“Mama, ɗakin tafiya yake yi!”

Nevenka na tsaye bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba. Tsohon ya bi inda take kallo, sai a lokacin ya gani. Ba shuɗi ko ɗigo, amma duk wanda ya tashi a tsibirin nan ya san a cikin jirgi suke tsaye.

“Baba, me na ce maka?”

“Allah ne shaidata, tudu na zana.”

“Tudu? Tumaki ka loda a jirgi.”

“Akwai farar ƙasa a ɗakin ƙasa. Gobe da safe in shafe shi.”

“Ka shafe ka sake ja da wane hannun?”

Ya tsaya riƙe da hular cocinsa, yana jiran ta juya ta sauka.

Ba ta juya ba. Ta shigo, ta ɗora yatsa a kan layin daga gefen taga, ta bi shi a hankali, ta sauka inda ya sauka, ta hau inda ya hau, har inda hannunta ya kasa kaiwa. Idonta ya ciko.

“Nan ne goshin?”

“Nan ne.”

“Me ke bayan bangon nan?”

“Gari. Sai coci a sama.”

“Wato baya ya ba teku.”

Tsohon ya ce, “In goshi ya kalli coci, 'yata, jirgi shigowa gida yake yi.”

Ta daɗe a tsaye, tafin hannunta a jikin bango. Daga tsakar gida ana jin kurciya na kuka. Sannan ta share fuska da bayan hannu.

“Duje, sauka. Baba, kama can mu juya gadon, kansa ya koma gaba.”

Ya kama, suka juya shi. Ta sauka ƙasa, suka ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gadonta. Da ta dawo, bargon sanyi ne a hannunta, na ulun garinsu, ga shi kuwa ana tsakiyar zafi. Ta ninke shi ta ajiye a ƙarshen gadon.

“Hunturun nan ɗakin zai yi iska,” ta ce. “Ka gyara masa tagar.”