Gaisuwar Juma'ar da Mahamadu ya bar mana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Mahamadu, kuma har yau ban gama gane aikin da ya yi ba. Ni turare nake sayarwa a unguwar Tompkinsville, nan Amurka. In na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, gadi nake, sai dai ɓarayin ta cikin kwamfuta suke shigowa." Wai ƙasashen da ke ƙawance ne ke tsegunta wa juna in an ga ɓarawo. Lokacin Nijar da Amurka ɗasawa suke, har aka tura shi Yamai ya koyar da ma'aikata, ciki da autanmu Iliya.

Abin da na sani sarai shi ne al'adarsa. Duk Juma'a, a jirgin ruwan St. George, sai ya kira Iliya ya miƙa wa 'yarsa Zainabu waya ta gaida Baffanta da Hausa, ko tana so ko ba ta so. Bayan rasuwarsa yarinyar nan ba ta taɓa fashi ba.

Yanzu ta gama karatu, ta bi sawun ubanta, ana shirin ɗaukarta irin aikinsa. To amma gwamnatin gida Nijar ta ɓata da Amurka ta yi sababbin abokai, Iliya kuma yana nan a ofishinsa a Yamai. A wajen tantancewa aka yi ta yi mata tambaya a kansa, aka nuna mata cewa yawan kiran nan zai iya hana ta aikin.

Kaina ya ɗaure, wallahi. Iliyan nan bai canja ba, ko kujera bai sake ba. Abin da Mahamadu ya koya masa da izinin Amurka, shi ne yau ya mai da shi abin tsoro. Da Mahamadu yana raye me zai ce? Mutum ne mai bin doka kamar me, kuma mutum ne mai zumunci. Na rasa wanne zai ɗauka.

Juma'ar da ta wuce Zainabu ta zo shago, ta tsaya tana juya kwalaben turare.

"Goggo, ki kira Baffa a wayarki. Ni zan tsaya nan in ji."

Na kira. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Ina 'yata? Yau ban ji ta ba."

Tana gabana, ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba. Na ce masa tana lafiya.