Rinin Zoɓon da Ya Ƙi Fita

Na haihu a lokacin ɓarar zoɓo, shi ya sa duk abin da nake tunawa na jegona na fari ja ne. Da aka kai ni wankan gida ƙauyenmu, kusa da Gagarawa, na tarar an shanya zoɓo ko'ina a tsakar gida, har saman rumfa. Ina kwance a ɗaki, ruwan zafi da kunun kanwa sun kashe min jiki, hirar mata masu ɓara tana zuwa tana tafiya kamar daga bayan gari. Sau da yawa ban san ko barci nake ko idona biyu ba. Hasken da ke shigowa ta labule ma ja-ja nake ganinsa.

Abu ɗaya ya ɓata min kwanakin nan: Inna, mahaifiyata, ta ƙi ɗaukar ɗana. Jikanta na fari fa! Sai ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa cikin mayafi, ta ce, "Maigida, an tashi lafiya? Ango sai barci?" Ta yi dariya ta juya. Wankansa ma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta bar wa.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Arba'in ta matso, ina shirin komawa ɗakina a Gumel, rannan da hantsi na fashe. "Inna, in ba kya son yaron nan ki faɗa min. Me ya yi miki?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a dokin ƙofa, ta zaro hannuwanta ta juya min cikinsu.

Duk mai ɓarar zoɓo hannunta yakan rine, ya yi ta ƙaiƙayi, kowa ya san wannan. Inna ma haka ta ɗauka da farko. Amma na sauran mata sabulu ya fitar, nata ya zauna. A wuyan hannunta akwai ƙananan ƙuraje masu kai a baje, ba ruwa ba mugunya, suna ɗan sheƙi kamar an shafa musu mai, launinsu na zoɓon da ya kwana a kwano. Inda kara ya karce ta, sun jeru a kan karcen reras. Ta ɗaga zane, ga wasu a idon sawu.

"Ƙaiƙayin har cikin raina nake jinsa," in ji ta. "Wata ta ce ƙazwa ce, wata ta ce abin ya fi haka. Fatar jariri kuwa ba abin wasa ba ce. Gara ki ji haushina."

Kunya ta kama ni, tausayi ya rufe ni. A nan na tuna kwana biyu ban ga ta taɓa yaji ba, ita da ko fate sai ta barbaɗa. Ta ce bakinta ne ke zafi, wai tsamin zoɓon da take ɗanɗanawa ne.

Ranar da za a yi wa yaron allurar riga-kafi na tasa ta gaba zuwa asibiti a Gumel, tana mita har cikin mota. A hanya gonakin da aka girbe suna ta wucewa, ɗana yana barci a ƙirjina, ita kuwa ta manne da ƙofa don kada ko gefen zaninsa ya taɓa ta.

Likitar mace ce. Ta duba hannun, ta duba farce da tsakar kai, sannan ta ce, "Mama, buɗe bakinki." Ta haska, ta ce in leƙa. A cikin kumatun Inna na ga zane-zane farare sirara, kamar saƙar gizo-gizo. Likita ta ce ba zoɓo ba ne, ba ƙazwa ba ce, garkuwar jiki ce ke juyowa ta taɓa fata, sunansa laikin filanas. Inna ta ce ko sunan ma ƙaiƙayi yake sa ta. Aka rubuta mata man shafawa, aka ce ta rage susa, ta riƙa dawowa ana duba bakin. Zai lafa a hankali, ko da zai bar baƙin tabo.

"Ana ɗauka?" Abin da Inna ta tambaya ke nan kawai.

"Ba a ɗauka, Mama."

"Ko jariri?"

"Ko jariri."

Inna ta goge tafukanta a zane, ta sake gogewa, sannan ta miƙo min su. Na ɗora mata shi. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta, ta ɗan jijjiga shi.

"Maigida," ta ce a hankali, "ashe har ka yi nauyi ban sani ba."