Tumatirin da Yaya Ya Liƙa

Duk lokacin da na wuce shagon masu buga allunan talla a Kano, warin sabuwar leda da tawada ya bugi hancina, sai na kau da kai na ƙara sauri. Malaman da muke koyarwa tare sun ɗauka hayaƙin janareta ne ba na so. Na bar su a haka, don bayanin yana da tsawo, kuma akwai jini a cikinsa.

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure na tashi, inda kanal ya ratsa gonaki, rani ya fi damina aiki. Babanmu yana da ɗan shago a jikin zaure, yana sayar da maganin feshi. Yakan sayo manyan jarkoki a birni ya ɗura a ƙananan kwalabe, daidai ƙarfin manomi. Bai yi boko ba, masu sayensa ma yawanci haka. Mai raba musu gardama shi ne Kawu, wan Innarmu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zanen bayan manyan motoci. Idan Baba ya gama ɗuri, Kawu zai zauna da gwangwanin fenti da tsinken da ya tauna bakinsa, ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Maganin ƙwari ya zana masa tsutsa, maganin ciyawa ya zana ganye uku ya ja jan layi a kansu. Tsutsar Kawu ba ta da kyau, wani lokacin ta fi kama da igiyar takalmi, amma ba wanda ya taɓa ɓata. Manomi zai ce, “Ba ni mai tsutsa,” a ba shi ya tafi.

Ina aji huɗu na firamare babban yayanmu ya dawo daga birni, inda ya yi shekara biyu yana koyon zane a kwamfuta. Ya dawo da matsattsen wando da sabuwar kalma, wai tambari. A birni, in ji shi, ba a nuna wa mai saye abin ƙyama, burinsa ake nuna masa. Wa zai so ya kalli tsutsa?

Kawu ya ce, “Manomi kuwa ita ya fi sani, ɗan nan.”

“Kawu, zamani ya wuce tsinke.”

Kawu ya goge tsinkensa. Ya buga murfin gwangwaninsa da tafin hannu, ya tashi. Baba mutum ne mai son a ce ɗansa ya iya, don haka ya yarda.

Bayan sati biyu Yaya ya zo da katon allo na leda da damin sitika. A kan kowace akwai tumatir ja mai sheƙi da ɗigon raɓa, irin wanda ban taɓa gani a gonar kowa ba, duk da a cikin tumatir aka haife ni. Allon ya faɗa da Turanci cewa muna hulɗa da ƙasashen duniya, alhali iyakar duniyarmu Kano. Kowace kwalba ta sami tumatir iri ɗaya. Bambancin yana cikin wani ƙaramin rubutun Turanci a ƙasa, wanda ni na iya haɗa baƙinsa amma ma'anar ta fi ƙarfina. In faɗa maka gaskiya, mai karatu, shagon ya yi kyau. Har masu wucewa a babur suna rage gudu.

Baba ya yi dabararsa. Maganin ƙwari ya jera a kantar dama, na ciyawa a hagu. Wata Juma'a ya tafi masallaci a Kura, Yaya ya sauke kwalaben duka ya sake jeri, dogaye a baya, gajeru a gaba, yadda ake yi a manyan kantuna, don ya ɗauki hoto. Ya manta bai faɗa ba. Lokacin tumatir ya fara fure, tsutsa ta shigo, kowa yana neman magani. Asabar da Lahadi Baba ya yi ta miƙa hannun dama yana ɗaukowa, manoma suna duba kwalba su ga tumatir, su ce madalla. Gonaki shida aka yi wa feshin maganin ciyawa.

Ranar Laraba da safe, muna ɗaure littattafan makaranta, muka ji su. Ba ihu ba ne da farko, takun ƙafa ne da yawa. Na leƙa ta zaure. Maƙwabcinmu ne a gaba, mutumin da suka yi kiwo tare da Baba suna yara, riƙe da tushen tumatir da ya tumɓuke, ganyen ya murɗe ya koma ruwan ƙasa. Ya jefa shi a ƙafar Baba.

“Ga tumatirinka mai hoto, Malam.”

Baba ya sunkuya ya shinshina ganyen. Na ga ya gane. Kafin ya miƙe an fara dukan kanta. Kwalabe suka yi ta fashewa, maganin ya malala a ƙasa, warinsa yana yankan ido. Wani ya fizgo allon ya kunna masa ashana. Leda ba ta ci kamar kara, narkewa take tana ɗiga da wuta, tumatirin nan yana yamutsewa kamar fuskar mai kuka. Sai wata murya daga baya ta ce, “Aikin yaron kwamfutar nan ne. A fito da shi.”

Inna ta riga ta tura Yaya cikin rumbu ta rufe. Baba ya koma bakin zaure, ya dafe bangon ƙofar da hannu biyu.

“Ni na jera, ni na sayar. Yaro ba ya nan.”

Ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa ji a bakinsa, kuma bai iya ta ba. Sanda ta farko a goshi ta same shi, jini ya rufe masa ido, ya gangaro gemu. Bai saki bango ba. Suka tura shi, suka ja rigarsa har ta yage, bai saki ba. Maƙwabcinmu ya juya fartanyarsa ya kama ta wajen ƙarfe, ya sauke ƙotar a kan hannun Baba na dama. Sau uku. A na biyu na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Da Baba ya faɗi, a ƙofar ya faɗi, jikinsa ya tare hanya, suka hau shi da shuri, a haƙarƙari, a baki. Ina tsaye a bayansa da jakar makaranta a wuya, jininsa yana taɓa yatsun ƙafata.

Kawu ne ya ratso su, tsoho da tari, ya kwanta a kan Baba. Ya ce, “Ku gama da ni tukuna. Ni na ajiye tsinke.” Aka rasa wanda zai fara. Kafin mai unguwa ya iso, maƙwabcinmu ya yar da fartanya ya zauna a cikin fasassun kwalabe, ya rufe fuska. Ban taɓa iya kiransu mugaye ba. Tumatirin nan shi ne abincin shekararsu.

Da azahar aka fitar da Yaya a motar tumatir, a tsugune tsakanin kwanduna. A wajen sulhu gonar Baba ta bakin kanal ta tafi. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, amma yatsun Baba na dama ba su ƙara dunƙulewa ba.

Yanzu ƙauyen ya cika da allunan leda, mai shayi ma yana da tambari, kuma a kowane gida akwai mai karanta ƙaramin rubutu. Yaya yana da babban shagon zane a Kano. 'Yan birni yana yi musu rubutu mai ruwan zinare. Idan mutumin ƙauye ya shigo, sai ya zaunar da shi ya yi ta tambayar wa zai duba, ya iya karatu ko bai iya ba, har mutum ya gaji.

Baba ya tsufa. Da hagu yake cin abinci, jikoki suna satar kallonsa, shi kuwa ya yi bisimillarsa ya ci gaba. Yaya yana zuwa duk Salla, mota cike da tsaraba, su zauna su yi hira kamar kowa. Amma da zarar an ajiye kwano a gaban Baba, sai Yaya ya tuna akwai wayar da zai yi a waje. Baba yakan bi shi da ido har ya fita, sannan ya ce a rufe wa Yaya nasa abincin.