Ɗinkin Inna a Allon Gado

Ni dai ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni aure unguwar Mabera, in ba asibiti ko gaisuwar rasuwa ba, da wuya a gan ni a bakin titi. Labarin gari a tsakar gida yake iske ni, kuma in ya shiga kunnena ya zauna ke nan. Innarmu, Allah ya jiƙanta, rediyo take ce mini. Takan ce me za ta yi da sayen batir, ga ni.

Inna ɗinkin hannu take yi, rigunan filo da zannuwan gado na amare. Daga wani ƙauyen fadama aka auro ta, inda ake noman shinkafa, kuma akwai wani ado da ta taho da shi daga can wanda ba ta gajiya da ɗinka shi. Da hantsi in ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta miƙe ƙafa, ta ɗora yadi a cinya. Babbar yayarmu, wadda muke kira Yaya Babba, ta zauna a gefenta tana sa mata zare a allura. Ni kuwa in gurfana a gabanta ina zuba mata labarin maƙwabta, wa ya yi faɗa da wa, har da kwaikwayon muryoyinsu. Tana dariya, allura na tafiya. Har yau ina jin ƙarar zaren nan in ta ja shi ya ratsa yadi, amma ni ban taɓa riƙe allurar ba.

Adon jeri ne na wasu abubuwa kamar an raba ƙwai biyu, da ɗige-ɗige kusa da su. A idona rumbuna ne irin na ƙauye masu kai a dunƙule, ga kaji a gindinsu suna tsintar tsaba. Ban taɓa tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba. Ko gado aka sa ni gyarawa, haka nake ajiye filon, rumbuna a tsaye. Inna tana gani, ba ta taɓa ce mini komai ba. Da ta rasu aka raba 'yan kayanta, rigar filo ɗaya ce ta zo hannuna. Na naɗe ta na sa a ƙasan akwati.

Shekaru suka ja, har auren ɗiyata ta fari ya taso. Autanmu kafinta ne a unguwar Gidan Dare, kuma a lokacin bai daɗe da sayen injin sassaƙa ba, irin wanda kwamfuta ke ba umarni. Ka nuna masa zane, ya bi katako yana ci har zanen ya fito. Auta ya ce gadon amarya shi ne gudummawarsa, yana da wani faffaɗan allon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya bushe sarai. Ya ce in zaɓi furen da nake so a cikin hotunan wayarsa. Na duba, duk irin na gidan kowa ne. Sai na tashi na buɗe akwati.

Shi bai san Inna sosai ba, yana ƙarami ta rasu. Ya riƙe rigar filon nan da hannu biyu ya duba ta, sannan ya ce zai yiwu. Zai shimfiɗa ta a kan gilashin wata na'ura ta ɗauki hotonta, sikanin suke cewa, daga nan ya gyara layukan ya miƙa wa inji.

Bayan kwana biyu ya dawo da la'asar ɗauke da kwamfutarsa, don ya san ko ya kira ni shago ba zan je ba. Muka zauna a tabarma. Ga ɗinkin Inna nan ya fito fes, baƙi a kan fari, sai dai a kwance yake ta gefe, domin a haka rigar ta shiga na'urar. Ya taɓa wani wuri, zanen ya miƙe. Ya sake taɓawa, sama ta koma ƙasa. Ya taɓa wani wurin, dama ta koma hagu kamar a madubi. Na ce masa ya bari haka nan, jiri yake sa ni.

Ya ce, "Yaya, rigar filo ba ta da sama ba ta da ƙasa. Ke za ki hwaɗa min yadda Inna ka yin shi. Nan cikin kwamfuta ko sau nawa sai in juya miki, amma in inji ya ci katako, ba ya maido shi."

Na sa ya juya har rumbunana suka tsaya da ƙafarsu, kaji a ƙasa. Na ce to ga shi nan. Ya ce ko dai a kai wa Yaya Babba ta duba, ai Hubbare inda take zaune ba nisa, ya hau babur ya je ya dawo kafin magariba. Na hana shi. Ina so ta gani a ɗakin amarya ba zato, in kalli fuskarta. Kuma ni a raina babu ko ɗigon shakka. Abin da na girma ina kallo kullum, wa zai koya mini shi?

Ranar da ya ɗora allon a kan inji ya kira ni a waya, ya ce in saurara. Na ji abin yana kuka siriri, in ya shiga lanƙwasa muryar ta yi ƙasa, in ya zo kan ɗigo ya yi tsit ya sake cizo. Na ce masa wannan ai ɗinki yake yi, sai dai ba ya dariya irin ta Inna.

Ranar jere aka kafa gado. Allon ya sha mai yana sheƙi, samansa a lanƙwashe kamar bakin ƙofar soro, ga rumbuna sun yi layi daga wannan gefe zuwa wancan. Mata suna ta sa albarka. Yaya Babba ta iso a makare, da sandarta da tabaraunta, don idonta ya fara rauni. Na kama hannunta na kai ta gaban gadon.

Ta daɗe a tsaye. Ta sa yatsa ta bi lanƙwasa ɗaya, ta gangara kan ɗige-ɗigen. Na ga ta gane ɗinkin. Ta bari sai da matan suka koma wajen jera kwanoni, sannan ta matso kusa da kunnena.

Ta ce, "Rediyo, wa yac ce a kihe ƙoran Inna?"

Na ce waɗanne ƙorai, ai rumbuna ne.

Ta ce, "Ƙorai na, buɗe, shinkahwa na zuba ciki. Don haka taka yi ma amare shi, kada ƙwaryar gidansu ta zauna wayam. Ke kullum gabanta kika zama kina zuba, ta kai kika ganin shi. Da kin zauna inda nika zama ko sau guda, da kin gani."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, har da ɗan murmushinta. Ni dai sai na zauna a bakin katifa. Na aika aka kira auta daga waje inda yake ɗaure labule. Ya buɗe zanen a wayarsa ya juya shi, ya miƙo mini. Sai ga ƙorai a jere, baki a sama, tsaba na sauka cikinsu. Ina da jikoki a lokacin ta wajen ɗana, amma ranar na fara ganin abin da Inna take gani a cinyarta.

Na tambaye shi ko za a iya juya allon. Ya ce saman a lanƙwashe yake, ƙasan kuma an huda shi an ɗaure da ƙafafu. Na ce bayansa fa? Ya ce inji ya ci da zurfi, in aka sassaƙa bayan sai ya ɓule. Wani allon maɗacin mai wannan faɗi kuma ba a samunsa a yini ɗaya, ga amarya ana shirin kawo ta. Haka ɗiyata ta tare, ƙoran kakarta a kife bisa kanta, hatsi a zube.

Sai da aka kwana biyu na gaya mata. Na ce kawunta ya yarda zai sake wani allon in an samu katako. Ta yi dariya ta ce a bar mata gadonta, ita rumbuna take gani tunda haka na gaya mata tun farko, kuma rumbu ma ai hatsi ne a cikinsa. Yaya Babba ma ta ce in daina damun kaina, arziki na Allah ne, ba na katako ba. Na san haka ne. Amma ba arzikin ne ya tsaya mini a rai ba.

Daga baya na ɗauki rigar filon na tafi Hubbare da ƙafata, har 'ya'yan Yaya suna tambaya ko lafiya. Na zauna a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, na ce ta nuna mini yadda Inna take fara ƙwaryar. Ta karɓi allura ta juya ta a hannu, ta kai yadin kusa da ido, ta nisanta shi. Ta ce ba ta ganin saƙar yadin kuma, hannun ma rawa yake yi. Ta yi ta kwatanta mini da baki, ni kuma na riƙe kowace kalma, har yau zan iya maimaita su da muryarta. Da na dawo gida na gwada, abin da ya fito bai yi kama da ƙwarya ba, bai yi kama da rumbu ba.

Auta bai goge zanen ba. Ya juya shi daidai ya ajiye, kuma mutane suka gani suka so. Yanzu in mata sun dawo daga jere suna ba ni labari a tsakar gida, nakan ji an ce gadon irin mai ƙorai ne, na kafintan nan na Gidan Dare. Amaren da ba su san Inna ba suna kwana ƙarƙashin ƙoranta a buɗe. Na jikarta ne kaɗai a kife. In na je gidan, wanda ba kasafai ba, nakan shiga ɗakin in tsaya ta wajen kan gadon in sunkuya, in leƙa allon ta sama. Daga nan dai suna fitowa daidai.