Gonar da Kaka Ta Ƙi Rantsewa a Kanta

Ranar Talata da Alhamis, in na tashi daga aiki a sito, nakan hau bas zuwa tsakiyar birnin Greensboro, a nan Amurka, in shiga ajin koyon karatu na manya. Furfura ta fara fito mini, amma har yanzu da yatsa nake bin layi. Malamarmu ta ce kowa ya rubuta wani abu game da wanda ya rene shi. Na san wadda zan rubuta, sai dai ba yabo na zo yi ba.

Kakata Hannatu 'yar ɗariƙar Kiristoci ta Menonait ce. Ta karɓi koyarwarsu tun tana budurwa, lokacin da take yi wa wasu Turawan mishan wanki a kusa da Jos. Ba a taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba, ba ta sa 'yan kunne, ba ta ɗaga murya. Ta yi jinyar mijinta har ya rasu, ta binne ɗanta, wato babana, ta riƙe mu, ni da mahaifiyata da ƙannena. A coci, in ana so a kunyata wata mata, sai a ce ta dubi Hannatu.

In an ci tuwo, sanyin duwatsu ya fara saukowa, mukan kewaye murhu. Tana ɓarar gyaɗa a faifai, hayaƙi yana sa mu hawaye, ba mai matsawa. Ba ta fara tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take yi, "Wannan ba ta faru ba, na gaya muku tun yanzu. To, ku buɗe kunne." Ko da wasa ba ta son a ce ta yi ƙarya.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta kurciya da hankaka. Kurciya ta yi sheƙa a kan tsamiya, hankaka ya zo ya ce bishiyar tasa ce. Aka tafi gaban mikiya. Mikiya ta ce duk wanda ya rantse, tsamiya tasa ce. Hankaka ya rantse da sama, ya rantse da ƙasa, har da kabarin uwarsa. Kurciya ta ce, "Na riga na faɗi gaskiya. In na rantse a kan wannan, kenan sauran maganata ƙarya ce?" Aka ba hankaka tsamiya. Da damina ta zo, aradu ta faɗa a kanta.

Na taɓa tambaya, "Kaka, to 'ya'yan kurciya ina suka kwana?"

Ta ce, "Bitrus, bakin nan naka ya fi ka girma. Ungo gyaɗa."

Ashe labarinmu take ba mu. Ina aji ɗaya a firamare, ƙanen kakanmu, Baba Ishaya, ya ce gonar gyaɗarmu ta bakin rafi tasa ce. Kowa a garin ya san ƙarya yake yi. A kotu aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki, ya ɗora hannu ya rantse ba ko kunya. Aka miƙa wa Kaka, ta naɗe hannuwanta cikin zane.

Mahaifiyata ta durƙusa a gabanta cikin mutane. "Mama, gaskiyarki ce fa! Ɗora hannu kawai. Don yaran nan!"

"Na faɗi gaskiya, Rifkatu. Bakina ɗaya ne."

Aka ba shi gona. Aradu ba ta faɗa wa Baba Ishaya ba. Kwano ya rufa a ɗakinsa, ya sayi babur, 'ya'yansa suka gama sakandare. Ni kuwa aka cire ni daga makaranta aka tura ni wankin kuza, ina tsaye cikin ruwan sanyi har ƙafafuna su mutu. Da matar Baba Ishaya ta haihu, Kaka ta dama kunu ta sa ni na kai. Na so in zubar a hanya, tsoro ne ya hana ni.

Da ta rasu, coci ta cika. Kowa yana kiranta baiwar Allah. Na zauna a baya ina ji, aka karanta wata wasiƙar yabonta, ni kuwa ko ita ban iya karantawa da kaina ba.

Kwanan baya wani kwalin kaya ya fashe a sito, aka ce ni na buge shi da motar ɗaukar kaya. Manaja ya kira ni, ya ce ko zan rantse ba ni ba ne. Alhaji Sani, abokin aikina, ya matso yana raɗa mini, "Malam Bitrus, rantse masa mana mu wuce wurin! Haya tana jiranka."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ba ni ba ne." Na sake gwadawa, harshena ya ƙi. Aka dakatar da ni na ɗan lokaci, ba albashi.

Na zauna a tashar bas ina fushi, amma ba da manaja ba. Matar nan ta hana ni gona, ta hana ni karatu, sannan ta shiga bakina ta zauna ba tare da na ba ta izini ba. Mutane suna ta ce mini in yafe mata. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe ba, don ƙarya ce.