Gidan da Inna Ba Ta Karɓa Ba

Da aka raba tsohuwar jiharmu gida biyu, Sakkwato da Neja, sai aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa ta asali. Babanmu malamin gona ne, ɗan Anka, amma a Kontagora ya yi yawancin aikinsa, can ya gina gida mai ɗaki huɗu, can aka haife mu, ni da ƙanwata. Mu biyu Allah ya bar masa, duk mata.

Ranar da za mu tashi, an riga an ɗora gado da tukwane a bayan mota, Baba ya kira liman da wani tela maƙwabcinmu zaure, ya sa aka kira Inna. Ya ce su shaida, ya ba matarsa gidan nan kyauta, don in ya riga ta tafiya kada ta rasa inda za ta sa haƙarƙarinta. Ya miƙo mata mabuɗi.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Haba Malam, bar shi wurinka. Mi zan yi da shi? Ai duk ɗaya na."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Ina tsaye bayan ƙofa, har burge ni ta yi. Haka aka koya mana: in babba ya miƙo maka abu, ba ka wawura.

A Anka muka sauka gidan kakanni, inda Baffa, ƙanin Baba, yake da iyalinsa. Gidan Kontagora kuwa Baba ya sa ɗan haya, shi ke zuwa duba rufi kafin damina, shi ke karɓar haya. Na gama sakandare aka aurar da ni Gummi, ƙanwata kuma Bukkuyum. Shekara bakwai bayan ƙaura Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Inna na fita takaba maganar wurin zama ta taso. Ɗakinta na Anka ɗan Baffa ke jiransa zai sa amarya, ba wanda ya faɗa mata amma an riga an tara yashi a ƙofarsa. In ba gidanta ba, sai gidan suruki, kuma Inna ta gwammace ta kwana a rumbu da ta zauna inda mijin ɗiyarta zai ji tarinta.

Na ɗauka abu ne na kwana ɗaya. Alƙalin Anka ya raba gona da awaki da littattafai, da aka zo kan gida ya ce wannan yana wata jiha, hannunsa bai kai can ba. Muka hau mota ni da Inna da Baffa zuwa Kontagora, ta Daki Takwas da Zuru, ina goye da jariri, hanya kamar an yi huɗar doya. A can magatakardan kotu ya ce sai mun kawo takarda daga alƙalin garin da mamaci ya rasu, mai jera magada. Muka koma. Muka kawo. Ya duba ya ce babu hatimi. Gaskiyarsa, babu. Sau uku muka yi wannan hanya, kuma kowace tafiya Inna sai ta ƙulla daddawa da kuka ta kai wa ɗan haya tsaraba, mutumin da ke zaune cikin gidanta.

A tafiya ta uku muka kwana wurin telan nan. Liman ya riga ya rasu. Da safe telan ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, shaida zan ba da, na ji da kunnena ya ba ta. Amma za a tambaye ta ko ta karɓa. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu, ta koma gado."

Na sami Inna tana lazimi. Na jira ta shafa.

"Inna, in an tambaye ki, ki ce kin karɓa."

"Ke," ta ce, don ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Ina nig ga mabuɗi balle in karɓa?"

"A zuciyarki ai kin karɓa."

"Alƙali zuciya zai tambaya?"

"To ki ce kin ba Baba ajiya ne. Kusan hakan ne ma."

"Kusan. Boko da kunka yi ke nan, kusan?"

Na ce mata kunyar minti ɗaya za ta raba ta da ɗaki huɗu. Ta ce in je in canza wa yaro tsumma, yana wari.

A kotu alƙali ya saurari tela, ya juyo kanta a hankali. Ina jin ma so yake ya taimake ta, don sau biyu ya sake tambayar. Ta taɓa riƙe mabuɗi? A'a. Ita ta sa ɗan haya? A'a. Ko sau ɗaya haya ta shiga hannunta?

"Allah gafarta Malam, shina sawo mani atamfa in ya dawo."

"Ya ce kuɗin gidanki ne?"

"Bai ce ba. Ni ko ban tambaya ba."

Na tsunkule ta ta ƙarƙashin mayafi. Ta buge hannuna a gaban kowa.

Alƙali ya juya ga Baffa, ya ce gida ya shiga gado, tumuni, wato ɗaya cikin takwas, na matar, kashi biyu cikin uku namu, saura nasa, sai dai in magada sun yafe. Ni da ƙanwata mun riga mun yafe tun daga gida. Baffa ya daɗe yana kallon takalminsa. Ba mugu ba ne, shi ya biya mana mota duk tafiyar nan. Ya ce shi ma yana da ɗiya tara, kuma abin da Allah ya yanka masa bai ga dalilin da zai ji kunyarsa ba. Na tsani maganar nan, na kuma rasa inda zan kama ta da laifi.

Mun so mu sayi rabonsa, ƙarfinmu bai kai ba. Ɗan haya ya sayi gidan.

Daga tashar Daki Takwas Baffa ya wuce Anka, ni na taho da Inna Gummi. Mai gidana ya gina mata ɗaki a can ƙarshen gida, ya buɗe mata ƙofa ta baya don kada su riƙa haɗuwa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ciki. In ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta bar tuwo da loma a hannu ta shige, ta saki labule. Ni ke kai gaisuwarsa, ni ke dawo da amsa, tsakanin mutum biyu da taku ashirin ya raba. Wani lokaci har na kai tsakar gida na manta wa ya ce me, sai in koma in sake tambaya.